Lissafin da ke ɓoye a karin takarda: amsa ga wata malama a Sakkwato

Wata malama da ke koyar da lissafi a ƙaramar sakandare a nan Sakkwato ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Akwai wani yaro a ajina da ba ya barin takarda ta huta, kullum cikin ninke-ninke yake. Kwanan nan ya kawo mini wani zane da ya kwafo daga waya, murabba'i cike da layuka ja da shuɗi, ya ce in an bi su akwati zai fito, kuma wai lissafi ne. Ni dai na karɓe na ajiye. Da gaske akwai lissafi a ciki, ko wasa ne? In akwai, yaya ake karanta irin wannan zane? Kuma zai amfane ni a ajin da fiye da rabin yara ba su da rula da kamfas?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Yaron nan gaskiya ya gaya miki, kuma abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki mayar masa da takardarsa. Na daɗe ina koyar da ilimin siffofi da kusurwoyi ga ɗaliban da za su zama malamai, kuma ban ga kayan aiki mai araha da ke sa yaro ya ga hujja da idonsa kamar fallen takarda ba. Ki ɗauko guda ki riƙe yayin da kike karantawa, domin rabin abin da zan faɗa sai hannu ya taɓa kafin kai ya karɓa.

Layin da ke zama a jikin takarda idan an ninke ta an warware, kari nake ce masa, kamar dai karin guga a jikin shadda. Iri biyu ne kacal. Ko ya taso sama kamar kunya a gona, mu kira shi tudu, ko ya lotsa ƙasa, mu kira shi kwari. Kina juya takardar, duk tudu ya koma kwari, duk kwari ya koma tudu. Zanen da yaron ya kawo taswirar kari ce: abin da za ki gani idan aka gama ninka akwatin, sannan aka warware shi aka shimfiɗa. Galibi ja yana nufin tudu, shuɗi kwari. Taswirar ba ta gaya miki da wane ninki za a fara, inda kowane ninki zai kwanta kawai take nunawa, shi ya sa mutumin da bai saba ba yake ganinta kamar saƙar gizo-gizo.

Mutanen Japan ne suka yi suna a wannan sana'a, suna ce mata origami, daga kalmominsu biyu na ninkawa da takarda. Tun 1797 suka buga littafi a kanta, kuma Akira Yoshizawa, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 2005, shi ya shimfiɗa alamomin tudu da kwari da littattafai ke bi a yau. Amma mu ma ba baƙi ba ne a wajen ninki. Mai gyaɗa yana murɗa takarda ta zama mazurari, mai atamfa a babbar kasuwa yana ninka turmi gaba da baya daidai wa daida, malami yana ninka rubutu ya zama ɗan murabba'i kafin baduku ya rufe shi da fata. Hannu ya san aikin tuntuni, tambayar dalili ce ba mu saba yi masa ba.

Tushen dukan lissafin abu ɗaya ne: takarda tana lanƙwasa, amma ba ta miƙewa kamar roba. Ki ɗiga ɗigo biyu a jikinta, ki ninka har ɗaya ya hau kan ɗaya, ki danne. Duk inda kika taɓa a kan wannan kari, nisansa da ɗigon farko daidai yake da nisansa da na biyu, tunda a lokacin ninkin wuri ɗaya suke. Ke nan kin samu layin da ya raba tazararsu biyu, ya kuma gicciye ta a digiri 90. Wannan shi ne abin da muke sa yara su yi da kamfas, baka biyu sama, baka biyu ƙasa, rabinsu ba su san me ya sa ba. Haka in kin ɗora gefe ɗaya na kusurwa a kan ɗaya gefen, karin ya raba kusurwar biyu. Ki yanka alwatika, ki sauko da tsininta na sama ya taɓa gindi ta yadda karin zai kwanta daidai da gindin, ki jawo sauran tsini biyu su same shi a nan: kusurwoyi uku sun jeru a miƙaƙƙen layi, digiri 180, ba tare da an haddace komai ba. Wani Ba'indiye, Sundara Row, ya buga littafi guda a Madras a 1893 kan irin waɗannan darussa, inda ya nuna cewa ƴar wuƙa da guntayen takarda sun isa. Matsalar da ke gabanki ita ce ta sa shi rubutu.

Yanzu ga yadda ake karanta taswira. Kada ki bi layuka, ki dubi mahaɗa, wato ɗigon da kari da yawa suka haɗu a cikin takardar, ban da na bakin gefe. Idan takarda za ta kwanta shafal bayan an ninke ta, kowace mahaɗa tana ƙarƙashin dokokin da ba ta iya karyawa.

Ki ninka takarda biyu, ki sake ninkawa ta ɗaya ɓangaren kamar wasiƙa, ki warware. Kari huɗu sun fito daga tsakiya. Ki ƙirga: uku iri ɗaya ne, ɗaya ya bambanta. Kusan duk ɗalibin da na tambaya kafin ya duba, biyu da biyu yake cewa, kuma biyu da biyu ba ya taɓa yiwuwa. A kowace mahaɗa da ta kwanta, bambancin yawan tudu da yawan kwari biyu ne cif: uku da ɗaya, huɗu da biyu, biyar da uku. Ana jingina wannan doka ga Jun Maekawa na Japan da Jacques Justin na Faransa, a shekarun 1980. Hujjarta tana cikin abin da na fi so in koyar. Ki bar takardar a ninke, ki sa almakashi ki datse tsinin mahaɗar, ki dubi bakin yankan. Zobe ne da aka matse ya kwanta. Ki ɗauka tururuwa tana bin bakin wannan zobe. Duk lokacin da ta iso tudu, sai ta yi kwana ta koma baya ta hannun dama, digiri 180. In ta iso kwari, ta yi kwana ta hagu, digiri 180. Kafin ta dawo inda ta tashi tana fuskantar inda ta fara fuskanta, dole jimillar juyinta ya zama zagaye ɗaya, digiri 360. Kwanan dama da na hagu suna cinye juna, saboda haka sai ɗaya ya fi ɗaya da biyu. Daga nan kuma wani abu ya faɗo kyauta: yawan kari a mahaɗa kullum cika ne, ba ya zama mara, domin in kwari uku ne tudu biyar ne, in huɗu ne shida, jimilla kullum tana rabuwa biyu.

Doka ta biyu ta kusurwoyi ce, ana kiranta da sunan Toshikazu Kawasaki, ko da yake Justin ma ya gano ta. Ki auna kusurwoyin da ke tsakanin kari da kari kina zagaya mahaɗar, ki ɗauki ɗaya ki tsallake ɗaya. Waɗanda kika ɗauka za su ba da 180, waɗanda kika tsallake su ma 180. Misali 100, 50, 80, 130: ɗari da tamanin 180, hamsin da ɗari da talatin 180, wannan za ta kwanta. Amma 90, 60, 120, 90 ba za ta kwanta ba ko an taka ta da ƙafa, domin ɓangare ɗaya 210 ne, ɗayan 150. Tururuwar nan ce dai za ta ba ki dalili: a takardar da aka ninke, ta yi gaba da ɗari, ta dawo da hamsin, ta yi gaba da tamanin, ta dawo da ɗari da talatin. In tafiya da dawowa ba su yi daidai ba, ba za ta dawo gida ba, takarda kuwa sai ta yage. Abin da ya ƙara wa wannan doka daraja shi ne tana aiki ta fuska biyu: in mahaɗa ɗaya ce tak kuma kusurwoyinta sun cika sharaɗin, to tabbas akwai hanyar zaɓen tudu da kwari da za ta kwantar da ita. Sai dai zaɓen ba na ganin dama ba ne. A misalin farko, hamsin ƙarama ce tsakanin manya biyu, ɗari da tamanin. Kari biyun da suka kewaye ta dole ɗaya tudu ɗaya kwari, in ba haka ba manyan ɓangarorin biyu za su nemi kwanciya a gefe ɗaya su ratsa juna.

Akwai ta uku mai sauƙi da yara ke so. Ki ɗauki takarda mai rubutu a fuska ɗaya, ki ninka ta yadda kika ga dama ta kwanta, ki warware. Duk filayen da kari suka yanka za su fentu da launi biyu kawai, ba tare da maƙwabta biyu sun yi launi ɗaya ba. Kowane fili ko rubutunsa na kallon sama ko na kallon ƙasa, kuma tsallake kari yana juya shi.

To ga inda nake so ki lura game da zanen yaronki. Akwati ba ya kwanciya, tsayuwa yake yi. Saboda haka in kun bi mahaɗunsa ɗaya bayan ɗaya, za ku iya tarar da waɗanda suka saɓa wa dokokin nan, musamman a lungunan gindin akwatin. Wannan ba kuskuren mai zane ba ne. A nan ne bango ke miƙewa. Wanda ya ƙware yana duban taswira ya ce nan za ta kwanta, nan za ta tashi, tun bai taɓa takarda ba, kuma da waɗannan dokoki yake gani.

Kada ki ɗauka kuma an gama da batun. Mahaɗa ɗaya mai sauƙi ce, amma takarda mai mahaɗa ɗari wani abu ne daban, domin kowace tana iya cika sharaɗinta, sannan a zo jera fallaye, wane a sama wane a ƙasa, abu ya cije. A 1996 Marshall Bern da Barry Hayes suka tabbatar cewa tantance ko wata taswira za ta kwanta gaba ɗaya yana cikin rukunin matsalolin da ba a san gajeriyar hanyar warware su ba, ko da kwamfuta. Ko tsiri ɗaya na takarda ya ishe mu misali. Ki raba shi gida-gida daidai, ki tambaya ta hanya nawa za a ninke shi ya koma gida ɗaya. Gida biyu, hanya 2. Gida uku, 6. Huɗu, 16. Biyar, 50. Shida, 144. Bakwai, 462. Har yau babu wanda ya samo ƙa'ida guda da za a zuba yawan gidaje ta fitar da amsa, sai dai a ƙirga. Ki sa yara su nemo shidan nan na gida uku, za ki ga gardama mai amfani a aji.

Bari in zo kan abin da zai fi yi miki aiki gobe da safe. Raba takarda biyu, huɗu, takwas, kowa ya iya. Uku fa? Ki fitar da murabba'i daga takardar A4, kowane gefe santimita 21. Ki sa alama a tsakiyar gefen sama. Ki ɗago lungun ƙasa na dama ki ɗora shi a kan alamar, ki danne. Gefen ƙasa da ya taso zai ratsa gefen hagu a wani wuri. Ki auna: santimita 14 daga sama, 7 daga ƙasa. Sulusi cif, da ninki ɗaya. Wani malamin ilimin halittu a Japan, Kazuo Haga, shi ya fito da wannan, kuma hujjarsa daidai take da ɗan aji uku. Mu ɗauka gefen 24 ne don lambobi su fita sumul. A lungun sama na dama wata alwatika ta bayyana: gefenta na sama 12 ne, rabin 24. Sauran gefuna biyu, na tsaye da na karkace, asalinsu gefen dama ne da aka karya, don haka jimillarsu 24. Ki sa ƙa'idar Fitagoras, za ki samu 9 da 15. Tara, sha biyu, sha biyar: wato uku, huɗu, biyar, ma'aunin da magina ke ja da igiya idan za su fitar da kusurwar ɗaki. Alwatikar lungun hagu kuwa siffarsu ɗaya, sai dai gefen da ke matsayin 9 a can, 12 ne a nan, don haka ɗayan ya zama 16. Sha shida cikin ashirin da huɗu, biyu bisa uku. A ninki guda kin koyar da Fitagoras, da alwatika masu kama da juna, da aljabara.

Yanzu abin da ke ba manyan ɗalibai mamaki. Akwai aikin da takarda ke yi wanda rula da kamfas ba za su taɓa yi ba. Tun zamanin Girkawa, sama da shekara dubu biyu, masana ke neman yadda za a raba kowace kusurwa uku daidai da kamfas da rula marar alama, da kuma yadda za a fitar da gefen akwatin da zai ci ninki biyu na wani akwati. A 1837 wani Bafaranshe, Pierre Wantzel, ya kawo hujjar cewa duka biyun ba sa yiwuwa da waɗannan kayan aiki. Da ninki kuwa suna yiwuwa, ga yadda ake na farkon, ta hanyar da Hisashi Abe ya samo.

A murabba'inki, ki ja layi daga lungun ƙasa na hagu ya tashi a karkace, kusurwar da ke tsakaninsa da gefen ƙasa ita za mu raba, ta zama ƙasa da digiri 90. Ki yi kari biyu a kwance, na farko a wani tsayi daga ƙasa, na biyu a ninkin wannan tsayi. Yanzu kina da ɗigo biyu a gefen hagu: lungun kansa, da inda kari na biyu ya taɓa gefen. Ki ɗago gefen hagu, ki yi ta gyarawa a hankali har lungun ya sauka a kan kari na farko, ɗigo na sama kuma ya sauka a kan layin karkace, duka a lokaci ɗaya. Ki danne, ki sa alama inda lungun ya sauka, ki warware. Layin da zai tashi daga lungun zuwa wannan alama ya yanke sulusin kusurwar daga ƙasa. Ki gwada da 60, ki auna, za ki ga 20. Wannan ashirin ɗin tana cikin kusurwoyin da kamfas da rula ba sa iya fitarwa.

Sirrin yana cikin wancan "lokaci ɗaya". Ki ɗiga ɗigo kamar santimita uku sama da gefen ƙasa na takarda, ki yi ta ninko gefen yana taɓa ɗigon daga wurare daban-daban, sau ashirin ko talatin. Ki warware ki ɗaga ta a haske: kari miƙaƙƙu sun zana wani lanƙwasasshen baka, irin bakin farantin setilayit, irin hanyar dutsen da aka jefa. Sunansa farabola. Duk ninkin da ya ɗora ɗigo a kan layi yana shafar farabola ɗaya. Ninkin da ya ɗora ɗigo biyu a kan layi biyu yana shafar farabola biyu a tare, kuma irin wannan layi yana iya kaiwa uku. Amsa uku alama ce ta lissafin da abin da ake nema ya ninku a kansa sau uku. Kamfas da rula kuwa da'ira da layi kawai suke haɗawa, iyakarsu lissafi mai ninki biyu da abin da aka gina a kansa. Umar Khayyam, masanin lissafi na ƙasar Farisa wanda ya rasu a 1131, da irin waɗannan lanƙwasassun layuka ya warware lissafi mai ninki uku, kuma ina jin daɗin gaya wa ɗalibai cewa fallen takarda yana bin sawunsa. Wadda ta fara nuna wannan ƙarfi na ninki mace ce, Margherita Beloch, malama a jami'ar Ferrara ta Italiya, a 1936. Aikinta ya daɗe a kwance kafin a waiwaye shi. Daga baya aka tattara dukan hanyoyin yin kari ɗaya ta ɗora ɗigo ko layi a kan wani: Justin ya lissafa bakwai, Humiaki Huzita ya kawo shida daga ciki, Koshiro Hatori ya sake gano ta bakwai a 2001, Robert Lang kuma ya nuna babu ta takwas. Ki gaya wa ƴan matan ajinki labarin Beloch.

Shi wannan Lang, masanin kimiyyar haske ne a Amurka da ya bar aikinsa a 2001 ya koma ninki gaba ɗaya, kuma shi da Toshiyuki Meguro na Japan ake jingina wa hanyar da ake ƙirƙiro taswira tun daga farko. Ki shimfiɗa mayafi, ki tsinke shi daga tsakiya ki ɗaga: tsinin da ya fito ya cinye da'ira guda ta yadin, kamar lema a rufe. Tsawon tsinin shi ne nisan tsakiyar da'irar zuwa bakinta. In a gefe aka fitar da shi rabin da'ira zai ci, a lungu kuwa rubu'i. Don haka duk abin da ke da rassa, mai zane yana fara jera da'irori ne a cikin murabba'i ba tare da sun hau juna ba, sannan lissafi ya cike karin da ke tsakaninsu. Lang ya rubuta manhaja mai suna TreeMaker da ke yin haka, ya kuma yi aiki da masu nazarin yadda ake ninke jakar iska ta mota. Wani injiniya ɗan Japan, Koryo Miura, ya fito da ninki a 1970 wanda ya karkatar da layukan kaɗan maimakon su gicciye a digiri 90, kowace mahaɗa uku da ɗaya. In ka ja lungu biyu takardar ta buɗe gaba ɗaya, in ka tura ta rufe. A 1995 aka gwada shi a faifan hasken rana na wani tauraron ɗan'adam na Japan.

Na tabbata wani yaro zai ce miki takarda ba ta ninkuwa fiye da sau bakwai. Ki karɓi maganar ki mayar da ita darasi. Rim ɗin takarda mai falle 500 kaurinsa kamar santimita 5 ne, ke nan falle goma milimita ɗaya. Kowane ninki yana ruɓanya kauri: a na bakwai falle 128 ne, sama da santimita ɗaya. Da za a kai 42, kaurin zai kusa kilomita 440,000, alhali wata yana nesa da mu da kusan 384,000. Abin da ke hanawa shi ne a kowane ninki fallayen waje sai sun zagaya na ciki, zagayen kuma yana cin tsawo. Wata ɗalibar sakandare a Kalifoniya, Britney Gallivan, ta fitar da ƙa'idar wannan asara, sannan a 2002 ta ninka takarda mai tsawon kusan mita 1,200 sau 12. In aka bi ƙa'idarta da takardarmu, ana ninkawa ta fuska ɗaya, ninki shida na bukatar kusan santimita 22, na bakwai kusan 88. Tsawon A4 kuwa 29.7 ne. Iyakar ta tsawo da kauri ce, lamba bakwai ba ta da wani asiri. Ita kanta A4 ninki ne ya haife ta: an zaɓi faɗin milimita 210 da tsawon 297 ne don in an raba ta biyu rabin ya riƙe siffar uwar, tsarin da Jamus ta kafa a 1922.

Sai ƴan abubuwan da ajinmu na nan ke bukata. Tsoffin takardun jarrabawa da na ofis sun wadatar, amma ki tace su da kanki, kada a ninka ko a yanka wadda ke ɗauke da aya ko sunan Allah, kuma ki faɗa wa yara dalili. Wasu iyaye ba za su so a yi surar tsuntsu ko dabba ba, kuma babu bukatar a ja da su: duk abin da na lissafa a sama babu sura a cikinsa, akwati ne da tauraro da alwatika da zanen da ke maimaita kansa irin na jikin tabarma. Da hunturu takarda tana bushewa ta riƙa tsagewa a kan kari, sai a danne da tafin yatsa kafin a bi da farce, kuma kada a maimaita kari ɗaya gaba da baya. A zangon farko na fi son a tsaya kan raba layi, raba kusurwa, da digiri 180 na alwatika. Ninkin Haga ya jira sai an yi Fitagoras. Raba kusurwa uku ki ajiye wa waɗanda suka nuna ƙishirwa. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa: bayan kowane ninki a warware, a bi karin da biro, a sa wa ɗigo suna, yaro ya rubuta jimla ɗaya da ke cewa wane ya yi daidai da wane, kuma me ya sa. Jarrabawa da kamfas za a yi ta, don haka ranar da aka samu kamfas a maimaita aikin da shi, yaro zai gane bakan da yake ja.

Shi kuwa mai akwatin, ki ba shi minti goma a gaban aji. Ya ninka, ya warware, ya manna takardar a allo. Ku ƙirga tudu da kwari a kowace mahaɗa tare, ya zagaye da alli duk wadda bambancinta bai zama biyu ba ko kusurwoyinta suka ƙi ba da 180, sannan ya sake tayar da akwatin a gabansu su duba ina waɗannan mahaɗu suka faɗa. In kun yi, ki aiko mini da hoton taswirar da abin da kuka ƙirga, zan duba in nuna muku wane kari ya kamata a fara da shi.